Kafin a Sayar da Gona, a Ga Inda Maganin Ya Je

A shekarar 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Toronto da ke Kanada, ƙarƙashin Farfesa Warren Chan, suka tattaro rahotannin gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suna neman amsar tambaya guda: idan aka ɗura wa jiki ƙwayoyin nan 'yan mitsi-mitsi da ake kira nano, waɗanda ake ƙunsa maganin kansa a cikinsu, nawa ne ke isa ƙarin da ake son kashewa? Amsar da suka fitar ta tayar da ƙura. A tsaka-tsakin lissafi, kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal. A ƙwaya dubu, bakwai ke kaiwa. Sauran hanta da saifa sun tsince, ko ƙoda ta fitar da su. Masana da dama sun yi musu a kan ma'aunin, suna cewa bai yi wa fasahar adalci ba, tunda maganin da ba a ƙunsa ba shi ma kaɗan ne daga cikinsa ke isa. Duk da haka lissafin ya tilasta wa kowa ya dubi abin da aka daɗe ana kau da kai daga gare shi: likita ya san abin da ya zuba a jijiya, amma bai san abin da ya isa wurin ciwon ba.

Mai karatu a Doguwa ko Tudun Wada zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Mutumin da ke fafutukar samun maganin zazzaɓi na gaskiya, me ya haɗa shi da ƙwayar da ko madubin ɗakin gwaji ba ya nunawa? Ina ganin akwai abin da ya haɗa su. Wannan bincike kashi biyu ne: ƙera ƙwayar, da kuma bin sawunta da hoton asibiti don a ga inda ta sauka. Masu ba da labari sun fi ɗokin kashi na farko, don shi ne mai ban mamaki. A wurina na biyun ne ya fi shafar talaka, kuma shi ne muke da damar sa hannu a ciki tun yanzu.

Bari mu fara da ƙwaƙwalwa. Tun a shekarun 1880 likitan Jamus Paul Ehrlich ya lura cewa idan ya zuba rini a jijiyar dabba, kayan cikinta duk sukan rine, amma ƙwaƙwalwa ta zauna fara fat. A 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ita ta rine, sauran jiki bai taɓu ba. Daga nan aka gane akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta a liƙe bangonsu yake, ba kafa, kuma akwai sinadarai a jikin bangon da ke mayar da baƙon abu cikin jini ko da ya kutsa. Rahamar Allah ce, don da ba haka ba, duk dafin da ya shiga jini sai ya taɓa hankali. Sai dai ranar da ƙari ya tsiro a ciki, kariyar nan ce ke tsare shi daga magani.

Mafi muni a ƙarin ƙwaƙwalwa na manya shi ne wanda likitoci ke kira giliyobilastoma. Ginshiƙin jinyarsa har yau shi ne wanda gwajin Roger Stupp ya kafa a 2005: tiyata, sannan gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, tare da ƙwayar temozolomide. Da gashi kaɗai, rabin marasa lafiya ba su wuce wata 12.1 ba; da aka haɗa da ƙwayar, lissafin ya koma wata 14.6. Tun daga lokacin, ci gaban da aka ƙara a kai bai taka kara ya karya ba. Wani ɓangare na dalilin yana wurin shingen nan. A tsakiyar ƙarin shingen ya riga ya fashe, magani na shiga, kuma wurin ne likita ke yankewa ya cire. Amma ciwon ya riga ya yi saiwa cikin lafiyayyen naman da ke kewaye, inda shingen ke nan daram. Galibi daga nan yake dawowa, cikin santimita biyu daga bakin inda aka yanke.

Ƙwayoyin nano an yi su ne don su kai magani inda shi kaɗai ba zai je ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita dubu tamanin ko makamancin haka, su kuwa ƙwayoyin daga nanomita kaɗan ne zuwa ɗari da 'yan kai. Wasu ƙunshin kitse ne da magani a ciki, wasu zinare ne, wasu tsatsar ƙarfe ce da aka lulluɓe da wani nau'in sukari. Ba yau aka fara ba, don Amurka ta amince da Doxil, maganin kansa da aka ƙunsa cikin irin wannan kitse, tun 1995. Dabarar ta dogara ne da abin da Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura suka bayyana a Japan a 1986, cewa hanyoyin jinin ƙari suna yoyo, saboda haka ƙwaya mai ɗan girma takan zurara ta nan ta taru, alhali ba ta samun kafar fita a lafiyayyen nama. A jikin ɓera abin ya yi kyau matuƙa. Da aka zo kan mutum, sai wani ya amfana wani bai amfana ba, ba wanda zai ce ga dalili.

Manomin rani da ke noma da ruwan Tiga ya san irin wannan matsala. Ruwan da aka saki a bakin madatsa daban, wanda ya iso gonar da ke can ƙarshen hanyar ruwa daban. In shinkafa ta ƙi, kafin a zargi iri ko taki sai an fara tambaya ko ruwan ma ya iso. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun sha asara kafin su koyi yin wannan tambaya. Akwai wani babban gwaji mai suna PRECISE da aka fitar da sakamakonsa a 2010, inda aka kauce wa shingen gaba ɗaya: aka huda ƙoƙon kai, aka zura siraran bututu, aka riƙa ɗura magani kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar marasa lafiya kusan 200. Maganin bai fi wanda aka gwada shi da shi ba. Daga baya John Sampson na Jami'ar Duke da abokan aikinsa suka yi lissafi da kwamfuta, suka gano cewa maganin bai jiƙa fiye da kusan kashi ɗaya cikin biyar na naman da ake son ya ratsa ba. Har yau ba a iya cewa maganin ne ba shi da ƙarfi ko kuwa isa ne bai yi ba, don a lokacin da ake ɗurawa ba wanda ke gani.

Abin da hoto ya zo gyarawa ke nan. Ana liƙa wa ƙwayar wata alama da na'ura ke iya hangowa daga wajen jiki. A 2017 aka fitar da rahoton wani gwaji a Amurka kan mata 19 masu kansar nono da ta bazu, inda aka sa wa ƙunshin maganin wani nau'in jan ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya, aka bi shi da na'urar PET. An ga ya taru har a ƙarin da ya yaɗu zuwa ƙashi da ƙwaƙwalwa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne bambancin: tsakanin ƙarin da ya fi tara maganin da wanda ya fi ƙarancinsa, ninki 35 ne. Magani ɗaya, ciwo mai suna ɗaya, amma wata ta samu rabo mai yawa, wata kusan ba ta samu komai ba, kuma duka sun sha wahalar illarsa.

A Faransa, masu bincike na Liyon da Giranobul sun ƙera ƙwayar AGuIX, mai girman nanomita biyar ko ƙasa da haka, wadda ke ɗauke da sinadarin gadoliniyom, wato irin wanda ake yi wa mutum allurarsa kafin hoton MRI. Aiki biyu take yi: tana haskawa a hoto, tana kuma ƙara wa gashi ƙarfi a inda ta taru. A gwajin farko kan mutum 15, wanda aka buga a 2020, an yi allurar, bayan awa biyu aka ɗauki hoto, sai ga ƙarin ya fito fari tas a kan duhun ƙwaƙwalwa, likita na kallon inda ta zauna da yawanta kafin a kunna na'urar gashi. A San Antoniyo ta jihar Tekzas kuwa, Andrew Brenner ya koma ga dabarar bututu da ta ba da kunya a baya, amma wannan karon da ƙunshin kitse mai ɗauke da sinadarin reniyom-186, wanda ke ƙone ƙarin kuma yana nuna kansa a hoto yayin da ake ɗurawa. A rahoton 2025 kan mutum 21 da ciwonsu ya dawo, waɗanda hoto ya nuna ƙarinsu ya sha isasshen ƙuna sun kai wata 17 a tsaka-tsakin lissafi, waɗanda bai isa ba wata 6.

Dole a yi taka-tsantsan da wannan adadi. Mutum 21 ba su da yawa, kuma ba ƙuri'a aka yi wajen raba su ba. Ƙaramin ƙari ya fi sauƙin jiƙewa da magani, mai ƙaramin ƙari kuma dama yakan fi daɗewa. Haka nan ganin alama a hoto ba koyaushe yake nufin maganin na nan ba, don alamar na iya rabuwa da ƙunshin a hanya, ko ƙunshin ya isa amma ya ƙi buɗewa. Kamfanin MagForce na Jamus ya sami izinin Turai a 2010 na zuba ƙwayoyin ƙarfe cikin ƙari a ɗumama su da maganaɗisu, ana duba zamansu da hoton CT. A 2022 kamfanin ya durƙushe ba tare da dabarar ta zama jinyar yau da kullum ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya warkar da giliyobilastoma. Duk wanda ya zo Kano ko Zariya yana tallar maganin nano mai narkar da ƙarin ƙwaƙwalwa, a kwalba ko a Facebook, kuɗin mutane yake nema.

Akwai kuma masu buɗe shingen na ɗan lokaci. A Nuwamban 2015, a asibitin Sunnybrook na Toronto, aka fara yi wa mutum haka ba tare da yanka ba: mara lafiya na kwance cikin na'urar MRI, an zuba masa 'yan ƙananan kumfa a jini, aka auna wuri guda da sautin da kunne ba ya ji, dangin wanda ake yi wa masu juna biyu sikanin da shi. Sautin ya girgiza kumfar, kumfar ta sassauta bangon jijiya, hoto ya nuna wurin ya buɗe. A 2023 Adam Sonabend na Jami'ar Northwestern ya nuna cewa ta irin wannan hanya maganin da ke shiga ƙwaƙwalwa yakan ninka sau huɗu zuwa shida, kuma yawancin ƙofar takan rufe cikin awa guda.

Wanda ya taɓa zama a layin asibitin kansa ya san tambayar da dangi ke yi bayan likita ya gama bayani. Babban wa ko kawu ne kan matso, ya rage murya ya ce, "Likita, don girman Allah, in mahaifinka ne, za ka sayi maganin nan?" Bayan wannan tambaya akwai masarar da aka riga aka kai kasuwa tun kafin ta yi daraja, akwai shanun huɗa, akwai gonar gado da 'yan'uwa suka zauna suka amince a sayar. A ƙasar da inshora ke biya, maganin da bai isa ba asarar kamfani ce da ɓata lokacin mara lafiya. A Riruwai ko Burji asarar gida guda ce har jikoki. Idan hoto ɗaya zai iya nuna tun farko cewa wannan ƙarin ba ya tara maganin, likita ya sami abin da zai amsa wa kawun nan da shi da gaskiya. Wannan ba zato ba ne kawai. Akwai allurar ƙarfe mai suna Feraheme da Amurka ta amince da ita a 2009 don masu ƙarancin jini, wadda ita kanta ƙwayoyin nano ce kuma tana fitowa a MRI. Edward Neuwelt na jihar Oregon ya daɗe yana amfani da ita wajen duba ƙarin ƙwaƙwalwa, kuma a 2015 masu bincike a Boston suka nuna a jikin dabbobi cewa inda ta taru, nan ƙunshin magani ma zai taru. Ana iya aika ta gaba ta gano hanya kafin a sayi mai tsadar. Tana da nata haɗarin, don takan tayar wa wasu da mummunan borin jini, saboda haka ba allurar kemis ba ce.

Sai dai mu ko hoton farko bai wadace mu ba. Binciken da Farfesa Godwin Ogbole na Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga a 2018, ya ƙirga na'urar MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 a Najeriya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na namu masu ƙaramin ƙarfi ne. An samu ƙari tun daga lokacin. A 2020 hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA, ta buɗe cibiyar gwaje-gwaje da hotuna a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma duk a birni suke. Magidancin da ya fara farfaɗiya da girmansa a ƙauyen Doguwa, ko matar da ke tashi kullum da ciwon kai da amai, ko wanda ɓarin jikinsa ke mutuwa a hankali, da wuya a fara da tunanin ƙari. Za a ce iska ce ko sammu, a yi ruƙiyya, a yi hayaƙi, a sha maganin taifot zagaye biyu ko uku. Ba na raina addu'a, kuma likitan kirki ba ya hana ta. Abin da ke ci mini rai shi ne watannin da ke wucewa kafin a ɗauki hanya, a ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada da Kwanar Ɗangora a shiga Kano, da takardar hoto a ninke cikin aljihu ana jiran kuɗi su cika.

Abin takaicin shi ne da yawa cikin waɗannan mutane ba giliyobilastoma ke damunsu ba. A rahotannin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Najeriya, ƙarin da ke fitowa a rigar ƙwaƙwalwa yana cikin waɗanda aka fi gani, kuma galibinsa ba kansa ba ne. In an cire shi da wuri mutum na iya komawa gonarsa. Wani kuma dunƙulen tarin fuka ne ya zauna a ƙwaƙwalwa, wanda maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Wani ruwan miki ne da ya taso daga ciwon kunne, wani jini ne ya taru bayan faɗuwa a babur. A ido duk alamunsu ɗaya ne, hoto ne ke raba su. Likitocin da za su yi aikin akwai su, ko da ba su da yawa: Latunde Odeku ya fara wannan fanni a Ibadan a 1962, Farfesa Bello Bala Shehu ya gina cibiyarsa a Sakkwato, kuma ana yin tiyatar a Kano da Zariya.

A nan ne binciken nano ya zo da wani labari da ya kamata mu saurara da kyau. Babbar na'urar MRI tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da sinadarin sanyaya maganaɗisu da ake shigowa da shi daga waje, da injiniya a kusa. Amma an fara ƙera ƙanana masu raunin maganaɗisu. Na'urar Swoop, wadda Amurka ta amince da ita a 2020, tura ta ake yi a kan taya a jona ta a soket na bango, kuma an yi aiki da ita a Bilantaya ta ƙasar Malawi. A Mbarara ta Yuganda, Johnes Obungoloch da abokan aikinsa na Jami'ar Leiden sun haɗa tasu da hannunsu. Hotonsu bai kai na manya fitowa ba, ba kuma za su maye gurbinsu wajen shirya tiyata ba. Amma wani bincike da aka buga a 2020, na masana daga Sidni da Boston, ya nuna cewa ƙwayoyin tsatsar ƙarfe suna haskawa ƙwarai a na'ura mai raunin maganaɗisu. Wato irin na'urar da asibitin karkara zai iya riƙewa ta dace da irin ƙwayar da ta fi sauƙin samu, tunda ƙarfe ba ya lalacewa a hanya. Na nukiliyar kuwa jan ƙarfen PET rabin ƙarfinsa ke tafiya duk awa 12.7, saboda haka ba abin da za a ajiye a sito ba ne. Ƙasashe masu arziki ba su da dalilin matsa wa wannan haɗi, don suna da manyan na'urori. Mu ne ke da dalilin.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, ya shafe shekaru yana aiki kan ƙwayoyin ƙarfe masu neman kansar nono don su fito a MRI, ya kuma horar da ɗaliban Najeriya a kai. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, kuma babban aikinta shi ne auna ɗigon ƙarfe a cikin samfur, zinare kuwa yana cikin waɗanda wannan hanya ta fi iya ganowa. A gwajin da Jami'ar Northwestern ta buga a 2021 kan mutum takwas, hujjar cewa ƙwayoyin nano na zinare sun haye shingen ƙwaƙwalwa ita ce zinaren da aka auna a naman da aka ciro. Tsakanin cibiyar Zariya da asibitin koyarwa na Shika tafiyar mintuna ce. Ɗalibin digiri na uku da ke neman abin bincike mai amfani ba sai ya je Toronto ba kafin ya fara tambayar nawa ne ya isa.

In an zo gwaji a kan mutane, Kano tana da tabon da bai goge ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Sha ɗaya suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Zargin da wannan ya shuka ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda zai kawo gwajin nano nan, bayan izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike, ya zauna da dangi ya yi musu bayani da Hausa, ya ce musu gwaji ne, ya kuma nuna musu hoton ɗan'uwansu kafin allura da bayanta. Wannan fasaha ta ba da damar da ba a da ita a 1996: mara lafiya na iya ganin abin da aka sa masa da idonsa, kuma haƙƙinsa ne a nuna masa.

Na yarda cewa zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa sun fi ƙarin ƙwaƙwalwa kashe mutane a kudancin Kano nesa ba kusa ba, kuma ba na kiran a kwashe kuɗinsu a sayi ƙwayar zinare. Abin da nake nema a wurin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano da 'yan majalisar wannan yanki bai kai haka tsada ba. Na'urar hoton kai guda, CT ko ƙaramar MRI, a ɗaya daga cikin manyan asibitocin Tudun Wada ko Doguwa, da wutar sola da kwangilar gyara a rubuce tun ranar saye, za ta yi wa mai shanyewar ɓarin jiki aiki, da wanda ya yi haɗari a hanyar Jos, da jaririn da ruwa ya taru a kansa. Hoton kuma a tura shi ta intanet likitan Kano ya karanta. Ma'aikatan ƙananan asibitoci na Kiru da Bebeji da Doguwa a koya musu leƙa ƙwayar ido da 'yar fitilar nan ta hannu, wadda ke nuna in ƙwaƙwalwa ta kumbura, a kuma kafa musu doka cewa babban mutum da ya fara farfaɗiya, ko mai ciwon kan safiya da amai da ganinsa ke raguwa, a tura shi hoto a makon, kuma asusun taimakekeniyar lafiya na jiha ya ɗauki kuɗin hoton farko ga wanda ba shi da hali.